Sharhi: Dokar Kaya a Jirgin Ƙasa, Wa Ta Amfana, Wa Ta Bari a Tasha?

Duk wanda ya yi wayo a garuruwan da ke bakin dogo, kamar Kafanchan da Zonkwa da Zariya, ya san yadda tsohon jirgin ƙasa yake. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, ya haɗe a Kafanchan a 1927, jirgi ya zama jakin talaka. Mace za ta shiga da daron doya, manomi da buhun citta, ɗan makaranta da akwatin ƙarfe, ga kaji a kwando ƙarƙashin benci. Abin da ya fi ƙarfin hannu kuwa a ɗora a sikeli, a biya, a karɓi rasit, a kai shi taragon kaya.

To, kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2016, yana bin sabuwar hanya mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa. An ƙera taragunsa ne domin mutane su zauna, kowa da kujerarsa, da kanta a sama wadda ba ta ɗaukar abin da ya wuce jaka ko ƙaramin akwati. Kafin fasinja ya shiga sai an duba kayansa. Mutane da yawa suna ganin wannan takurawa ce. A ganinmu akwai hujja a ciki, amma akwai gyara.

Hujjar farko ita ce rai. Ba mu manta da daren 28 ga Maris, 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka tare jirgin nan, suka kashe mutane aƙalla 8, suka kwashe fiye da 60 zuwa daji. Sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshensu, jirgin kuma bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba na wannan shekara. Gaskiya ne ba ta cikin jaka harin ya zo ba, kan dogo aka dasa bam. Amma wanda ya ga wannan ba zai ƙi a buɗe jakarsa ba. Jarkar fetur, tukunyar gas, makami, duk abin da zai iya kama wuta, ba su da wuri a taragon da aka rufe da mutane da yawa a ciki. Haka nan buhun da aka jibge a hanyar wucewa ko bakin ƙofa, ranar da aka ce kowa ya fita da gudu, shi ne zai kayar da tsohuwa da mai goyo.

Akwai kuma wata al'ada tamu da ya kamata mu sake dubawa, wato karɓar saƙo. Mun saba wani ya tare mu a tasha ya ce, "Don Allah, Baba, ga ɗan ƙunshi, yarona zai karɓa a can." Kunya ta hana mu cewa a'a. Amma idan aka buɗe ƙunshin aka sami ƙwaya ko harsashi, a hannun wanda aka same shi ne mai laifi, mai saƙon kuwa ya daɗe da ɓacewa. Taimako abu ne mai kyau, sai dai a yi shi ido buɗe. Wanda ba ka sani ba, kada ka karɓa. Wanda ka sani, ya kwance a gabanka ka gani. Iyaye su faɗa wa 'ya'yansu masu komawa makaranta wannan magana.

Yanzu sai gyara. Na farko, doka ta fito fili. Ya kamata Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1955, ta rubuta a allo babba a kowace tasha, da Hausa da Turanci: nauyin da fasinja zai ɗauka kyauta, kuɗin abin da ya haura, da abin da aka hana. A kuma sanar a rediyo domin waɗanda ba su yi karatu ba. Inda doka ke bakin ma'aikaci kaɗai, ƙofar ciniki ta buɗe, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya biya kuɗin kaya a ba shi rasit.

Na biyu, sikeli ɗaya ga kowa. Idan aka zazzage jakar bakkon mai tallar gyaɗa, aka bar akwatunan mai babbar riga suka wuce da gaisuwa, ba a yi adalci ba, ba a kuma yi tsaro ba, domin mugu ma ya iya ɗinka babbar riga.

Na uku, wanda ya fi damunmu, shi ne ƙaramin ɗan kasuwa da manomi. Da bashi aka gina wannan hanya, kowa kuma zai biya, har da wanda bai taɓa shiga jirgin ba. Idan dokar kaya ta hana shi shiga da buhu biyu, an mayar da shi kan titi, ga tsadar mota tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga fargabar hanya. Maganin ba sabo ba ne: a haɗa taragon kaya ɗaya a jiki, a auna, a duba, a biya, mai kaya ya karɓa a inda zai sauka.

Mu kuma fasinjoji, musamman lokacin Kirsimeti da Sallah da kowa ke ɗaukar tsaraba zuwa gida, mu tambayi ƙa'ida kafin mu ɗaure kaya, mu rubuta suna a jikin kowace jaka, mu isa tasha da wuri, kada mu miƙa wa kowa na goro don a kau da kai. Wanda ya ba da toshiya yau don buhun shinkafarsa ya wuce, ya nuna wa mai mugun kaya hanyar da zai bi gobe.