Wai Don Zai Koyo Ƙira

A shekarar da ɗan yayata ya samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a sashen injiniyancin ƙarafa da kayan ƙira, mun taru a zauren gidanmu da ke Madadi domin yi masa murna. Murnar ba ta daɗe ba. Da Baffa ya nemi a fassara masa sunan kwas ɗin, sai ya gyara zama ya ce, "Yanzu kai, yaro, duk kuɗin da aka kashe maka, ƙira za ka je ka koyo? Ai da ka faɗa tun wuri da an kai ka wajen maƙeran Getso, ko sisi ba za a biya ba." Zaure ya kwashe da dariya, yaron ya sunkuyar da kai. Na yi shiru a ranar don girman Baffa, amma amsar da na haɗiye ita ce nake rubutawa yanzu.

Baffa bai yi kuskure ba da ya kira abin ƙira. Kuskurensa shi ne ɗaukar kalmar a matsayin zagi. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Mun gāji raina maƙeri, har wasu gidaje na ƙyamar haɗa aure da shi, alhali ba manomin da zai shiga gona ba tare da garmarsa ba. Tun kafin a san sarautar Kano ana narka tama a gindin Dala, wajen ƙarni na 7. A Taruga, cikin yankin Nok, an tono murhunan narka ƙarfe da suka girmi shekara 2,000. Wannan gadon ne muka mayar abin dariya.

Mai raina wannan ilimi ya je ya zauna a maƙera na yini ɗaya. Zai ga maƙeri ya fi son sifirin tsohuwar mota idan zai ƙera wuƙa ko lauje, ba ya ɗaukar kowane guntun ƙarfe. Zai ga ya gasa shi sai ya yi ja, ya tsoma a ruwa ko a mai, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan. Maƙerin ya san in bai tsoma ba kaifin zai dakushe da wuri, in kuma bai sake ɗumamawa ba bakin zai ɓalle kamar tangaran. Abin da bai sani ba shi ne dalili. Sifirin yana ɗauke da sinadarin gawayi fiye da ƙarfen rodi, sanyayawar gaggawa kuma tana kulle wannan sinadari a cikin ƙarfen, ta sa shi tauri da saurin karyewa, ɗumamawar ƙarshe ce ke sassauta shi. Ɗalibin Zariya dalilin yake koyo, da ma'auni da lissafi, domin abin da maƙeri ke yi wa lauje ɗaya da ido shi ya iya yi wa tan dubu ba tare da kuskure ba. Haka yake koyon halin siminti, da yumɓu, da gilashi, da roba.

Na san hujjar da za a kawo mini, kuma ba ƙarama ba ce: ina aikin yake? Za a nuna mini Ajaokuta, wadda aka ƙulla yarjejeniyar gina ta da Tarayyar Sobiyat tun 1979, ga tama a kusa da ita a Itakpe, amma har yau ba a taɓa hura babban murhunta ba. Uban da ya sayar da gyaɗa da akuya don ɗansa ya yi karatu yana da haƙƙin tambayar inda karatun zai kai. Sai dai wannan hujja tana ɗauka cewa babu buƙatar masanin ƙarfe sai a inda gwamnati ta gina masana'anta, kuma a nan ne ta karye.

A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Iyayensu na niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, ƙurar kuwa cike take da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. Likitoci sun zo daga baya, sun yi abin da za su iya, Allah ya saka musu. Amma wanda zai hana abin aukuwa tun farko shi ne wanda zai iya ɗaukar dutsen ya gwada, ya ce a nisantar da niƙa daga tsakar gida, a jiƙa shi kada ya yi ƙura. Muna son 'ya'yanmu su zama likitoci, mun ƙi su zama waɗanda za su rage wa likita layi.

Ba ma sai an je Zamfara ba. A leƙa madafin kowane gida tsakanin Gwarzo da Kabo, za a tarar da tukunyar da aka zuba daga tarkacen alminiyam: tsohon injin mota, gwangwani, da duk abin da ɗan jari-bola ya tsinto. Binciken da aka yi kan irin waɗannan tukwane a Kamaru a 2014 ya nuna suna iya sakin dalma a cikin abinci. Masu zuba tukwanen ba mugaye ba ne, da su ake dafa wa 'ya'yansu tuwo. Ba su da wanda zai nuna musu tarkacen da ya kamata a ware kafin a narka. Ga kuma rodin da ake saya a zuba dakali ba tare da kowa ya gwada ƙarfinsa ba, sai gini ya rufta a ce ƙaddara. Ga gidajen bulo da kwano da muka musanya da soron ƙasa, waɗanda ba sa kwantuwa a watan Afrilu, alhali jar ƙasar da muke takawa, in aka cakuɗa ta da siminti kaɗan aka matse, tana ba da tubali mai ƙarfi da sanyi. Duk waɗannan ayyuka ne, ko da ba wanda ya liƙa tallarsu a jarida.

Laifin bai tsaya a zaure ba. Malaman sakandare da yawa ba sa ambaton wannan fanni ga ɗalibai, har yaro ya cika takardar jarrabawar shiga jami'a bai taɓa jin sunansa ba. Wasu daga cikin masu shiga sashen sun faɗo ne bayan sun rasa kwas ɗin da suke so, suna zaune a aji kamar waɗanda aka yi wa auren dole. Su ma jami'o'in ina da ƙorafi a kansu: ɗalibin da zai shekara biyar bai taɓa zama da maƙeri ko mai zuba tukunya ba, ya fita da rabin abin da ya je nema.

Da yaron ya zo hutun farko, ni na ja shi zuwa maƙerar garinmu. Ya yini yana jan zuga-zugi yana tambaya, tsohon maƙerin yana amsawa yana yi masa dariya, har ya ce masa launin da ƙarfe ke yi kafin a tsoma shi ba a allo ake gane shi ba. Baffa ya wuce ta wajen da la'asar, ya gan shi baƙi ƙirin da toka, ya girgiza kai ya wuce masallaci. Har yanzu "Sarkin Maƙera" yake kiransa, amma ranar da bakin garmarsa ya ɓalle a tsakiyar huɗa, shi ya aika a kira.