Marvel ko DC: A Kano, wayar da ke hannunka ce alƙali

Idan aka tashi daga ƙwallo a filin Mahaha da ke Ƙofar Na'isa, musun farko da matasa ke ɓarkewa da shi na Madrid da Barcelona ne. Idan wannan ya lafa, akwai wani da kan biyo baya a teburin mai shayi ko a shagon caji: tsakanin Marvel da DC wa ya fi iya fim? A iya abin da kunnena ke jiyo mini, Marvel ce ke lashe wannan musu kusan kullum, kuma hujjar da ake kafawa a kan DC ba ta wuce guda biyu ba. Ana cewa fina-finansu duhu ne da su, ba ka ganin komai, sannan ba ka jin abin da ake faɗa.

Ni kuwa ina ganin ba a yi wa DC adalci ba a wannan shari'a. Yawancin masu yanke hukuncin ba su taɓa ganin fim ɗin DC yadda aka yi shi ba. Abin da suka gani gawarsa ce, bayan an matse shi ya koma megabait 300 ko 400, aka tura musu ta Xender, suka kalla a waya mai allon LCD a bakin titi.

Mu fara da yadda fim ke isowa cikin gari. Tsofaffin silimomin Kano irin su Orion da Plaza da El Dorado da Marhaba yawancinsu sun zama tarihi. Ko da aka buɗe Filmhouse a Ado Bayero Mall da ke titin Zoo, mutum nawa ne daga cikin ganuwa suka mayar da ita wurin zuwa duk mako? Disney+, inda fina-finan Marvel suke a tare, ba ta aiki a Najeriya a hukumance, haka ma HBO Max ta kamfanin Warner Bros. mai DC. Abin da ya rage shi ne shagon masu tura fina-finai, da katin memori, da abokin da ya riga ka samu. Ba na kare wannan hanya, domin kowa ya san babu sisin da ke komawa ga masu fim ɗin, amma ita ce hanyar da ake bi. Kuma tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a watan Janairun 2025, ƙaramin fayil ya ƙara daraja.

To, me ke faruwa da fim idan aka matse shi? Ɗauki Avengers: Endgame na 2019, mai tsawon minti 181. Idan fayil ɗinsa megabait 400 ne, lissafi ya nuna kowace daƙiƙa ba ta samu ko kilobit 300 cikakke ba, har da sauti a ciki. Faifan Blu-ray kuwa yana iya ba hoto kaɗai har megabit 40 a daƙiƙa. Wato an zubar da fiye da kashi 99 cikin 100 na bayanan, an bar maka ragowar. Manhajar da ke matse bidiyo ba ta zubarwa da ka. Tana neman inda take zaton ido ba zai lura ba, kuma wurin da ta fi yi wa rowa shi ne duhu. A bidiyo na gama-gari, matakan haske 256 ne kacal daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, kuma fitowar dare tana zaune ne a kan 'yan matakan ƙasa-ƙasa. Da zarar an matse, sai su haɗe, su zama manyan dabbare-dabbare masu motsi kamar ruwan kwata. Wannan shi ne abin da kake gani a bayan Batman ka ɗauka haka aka ɗauki fim ɗin.

The Batman na 2022, wanda Robert Pattinson ya fito a ciki, minti 176 ne, kuma kusan gaba ɗayansa da daddare ne, cikin ruwan sama. Ruwan sama da hayaƙi da duhu su ne abubuwa uku da matsin bidiyo ya fi tsana, ga shi an haɗa masa su a fim ɗaya. Sai kuma allon wayar. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ake saye a Farm Centre da titin Beirut, irin su itel da Tecno Pop da Spark, allon LCD ne da su, mai fitila a baya da ke kunne koyaushe, don haka baƙinsu toka-toka ne. Allon AMOLED kuwa kashe ɗigon hoton yake yi ɗungurungum idan wurin baƙi ne. Fitowar da Batman ke tahowa daga cikin duhu a tashar jirgin ƙasa, ana jin takunsa kafin a gan shi, abin tsoro ce a kan allo mai kyau. A ƙaramar waya da rana tsaka, fuskarka kawai za ka gani a gilashin.

Sauti ma haka. Kiɗan Hans Zimmer a fina-finan Batman na Christopher Nolan an gina shi ne a kan ƙara mai kauri da ake ji a ƙirji, wadda sifikar waya guda ɗaya ba ta iya fitarwa ko kaɗan. Muryar Bane a The Dark Knight Rises na 2012 kuwa, ko Turawan da suka kalla a silima sun yi ƙorafin ba sa gane ta sosai, balle mai sauraro a gefen janareto.

Mafi ban dariya shi ne Zack Snyder's Justice League na 2021. Minti 242 ne, awa huɗu da minti biyu, kuma Snyder ya fitar da shi a siffar 4:3, irin ta tsohuwar talabijin mai ƙeya. Wayoyin yanzu dogaye ne, 20:9. Idan ka kwantar da wayar ka kunna, kashi 40 cikin 100 na allonka baƙi ne a hagu da dama. Ka ba da wurin ajiya na awa huɗu, batir ya sha wuya, sannan hoton ya tsaya a tsakiya kamar fasfo. Fim mai faɗin silima na 2.39:1, irin Endgame, kusan cika allon yake yi.

Marvel ta tsira daga duk wannan ba don ta yi niyya ba. Yawancin faɗace-faɗacenta da rana ake yi ko a wuri mai haske, kayan jaruman ja ne da shuɗi da ruwan ɗorawa, ko an matse su za ka gane wane ne wane. Faɗan filin jirgi na Captain America: Civil War na 2016 ko a allo mai tsagewa ana fahimtarsa.

Kada a ce na tauye ta, Marvel tana da abin da ta fi DC da shi wanda ba ruwansa da waya. Ta iya sa mutum ya shaƙu da jarumi. Daga Iron Man na 2008 zuwa Endgame fim 22 ne, shekara 11 ana tare da Tony Stark, shi ya sa mutuwarsa ta taɓa mutane, fim ɗin kuma ya tara kusan dala biliyan 2.8. Mu da muke jiran sabon kashi na Labarina ko Daɗin Kowa duk mako mun san daɗin labari mai dogon zango. Sannan ta waiwayo mu. Civil War ya leƙa Legas tun a farko-farkonsa, ko da yake a Amurka aka ɗauki fitowar. Black Panther na 2018 ya sauko dajin Sambisa tun a farkonsa, inda ake kuɓutar da matan da aka sace, har aka ji ɗan bindiga ya furta "wallahi". Wani zai ce ba da abin alfahari aka tuna da Arewa ba, kuma yana da gaskiya, amma dai an tuna. DC ba ta da wani abu makamancin wannan a babban allo. Ita da ta tashi gina tata duniyar, gaggawa ta yi: Man of Steel a 2013, Batman v Superman a 2016, Justice League a 2017, ana cusa jarumai kafin a san su.

Sai dai abin da ya ɗaga Marvel shi ne yanzu ya zame wa mai kallo kaya. Fina-finan sun kai 37 da fitowar The Fantastic Four: First Steps a 2025, ban da jerin shirye-shiryen Disney+. Ba za ka gane dalilin haukan Wanda a Doctor Strange in the Multiverse of Madness ba sai ka kalli WandaVision. The Marvels na 2023 yana so ka riga ka san Ms. Marvel da Monica Rambeau daga wasu shirye-shiryen daban, kuma shi ne fim ɗin da ya fi kowanne faɗuwa a kasuwa a tarihin jerin, bai wuce dala miliyan 200 da 'yan kai ba. Idan Ba'amurke mai intanet ba iyaka ya gaji, ina ga mai waya mai gigabait 64 da WhatsApp ya riga ya cinye rabi? Kowane sabon fim ɗin Marvel bashi yake zuwa da shi. Raharsu ma, wadda ake yabo, rabinta wasa da kalmomin Turanci ne da shaguɓe a kan waƙoƙi da fina-finan Amurka na da. Mu muna dariyar faɗuwar Hulk ne, sauran na wucewa ta saman kanmu.

Mafi kyawun fina-finan DC kuwa ba sa binka bashin komai. Joker na 2019 shi kaɗai yake tsaye, ya haura dala biliyan ɗaya, ya ba Joaquin Phoenix kyautar Oscar. The Dark Knight na 2008 ko ba ka kalli na gabansa ba za ka bi shi tiryan-tiryan, kuma a nan ne nake ganin masu karanta wannan shafi ya kamata su tsaya. A ƙarshen fim ɗin, Batman ya mayar da kowace wayar salula a birnin Gotham kunne da ido, yana leƙen mutane miliyoyi don ya kamo mutum ɗaya. Lucius Fox, injiniyan da ke ƙera masa kayan aiki, ya ce wannan iko ya yi wa mutum ɗaya yawa, ya yarda ya taimaka sau ɗaya tak, da sharaɗin zai ajiye aiki muddin na'urar na nan. An yi wannan fim shekara biyar kafin Edward Snowden ya fallasa leƙen asirin hukumar NSA a 2013. Mu da aka haɗa wa layin waya da lambar NIN, muke kuma roƙon a bi sawun wayar masu garkuwa da mutane a kamo su, wannan tambaya tamu ce: nawa za ka yarda a gani a wayarka don a kama mugu? Marvel ta taɓo batun a Captain America: The Winter Soldier na 2014, kuma ta yi ƙoƙari, amma ta sauƙaƙa wa kanta da ta ce ai miyagun Hydra ne ke riƙe da na'urar. Nolan a hannun jarumin ya saka ta, wanda muke so, shi ya sa abin ya fi ci wa mutum rai.

Saboda haka kafin ka sake cewa DC duhu ce, ga gwajin da ba zai ci maka kuɗi sosai ba. Nemi The Dark Knight ko The Batman a 720p aƙalla, idan da hali a tsarin H.265 mai bit 10, wanda ke da matakan haske 1,024 maimakon 256, kuma dabbare-dabbaren nan ke raguwa a cikinsa sosai. Tsohuwar waya na iya sarƙewa da shi, don haka fara gwadawa da VLC ko MX Player. Idan a manhajar kallo ta kuɗi kake, shiga saiti ka cire tsimin data kafin ka sauke. Ka kalla da daddare, a ɗaki, da iyafis a kunne. Idan kuma kana shirin sauya waya kuma kallo ne babban aikinta, ka tambayi irin allon kafin ka tambayi megafiksel ɗin kyamara. AMOLED ya sauko ƙasa yanzu, ana samunsa a Samsung Galaxy A15 da Tecno Camon 20 da Infinix Note 40.

Akwai kuma wani abin da masu musun nan ke mantawa. Ka leƙa kwamfutar mai tura fina-finai ka ga babban fayil ɗin da ya fi cika. Ba na Marvel ba ne, ba na DC ba ne, na Indiya ne mai fassarar Hausa, irin ta Algaita da Sultan. Mu mun san jarumi mai tashi sama tun Krrish na Hrithik Roshan a 2006, da mutum-mutumin Rajinikanth a Enthiran na 2010, da Ra.One na Shah Rukh Khan a 2011. Baahubali da RRR da KGF ba sa saka abin rufe fuska, amma abin da jarumansu ke yi Captain America ma sai ya zauna ya huta. Suna da uwa da ake yi wa biyayya, da soyayya, da ramuwar gayya, ga haske tar, ga magana da harshen da kaka ma za ta gane. Ba sai an yi wa yara dogon bayani a kan Thor da ake kira allan tsawa ba, ko a yi ta neman madannin wucewa kamar yadda ake yi da Deadpool, ko da yake su ma na Indiyan suna da nasu gumakan da masu fassara ke kewayewa.

Da alama DC ta ji ƙorafin duhun, ko da ba daga Kano ta ji shi ba. Superman na James Gunn da ya fito a Yulin 2025 rana ce tar a cikinsa, da shuɗi da ja, har da kare mai tashi sama, kuma zai sha matsi ya fita lafiya. Gunn ɗin ma daga Marvel ya zo, shi ya yi Guardians of the Galaxy guda uku. Ita kuma Marvel ta koma ta ɗauko Robert Downey Jr., wannan karon a matsayin Doctor Doom, don Avengers: Doomsday da aka tsara fitarwa a Disambar 2026, tare da tsofaffin 'yan X-Men na fina-finan Fox irin su Patrick Stewart da Ian McKellen. Wanda ke son ya gane kowace fuska a wannan fim, sai ya fara share hotunan biki daga wayarsa tun yanzu.