Thuraya ba laya ba ce

Tunda kakar citta da hatsi ta kama, magana ɗaya ke yawo a bakin masu fita ƙauye sayen kaya: wai duk mai bin hanyar Kachia ko ta Birnin Gwari shi kaɗai ya nemi Thuraya ya jefa a jaka, ya huta da fargabar rashin sabis. Har mun ji ana zancen a kafa adashi don kowa ya mallaki tasa. Mu dai ba mu goyi bayan wannan shawara ba, kuma ba rowa ce ta sa ba. Gani muke za ta iya kai mutum ga abin da yake gudu.

Tsoron da ya haifi maganar na gaskiya ne, babu mai musun wannan. Duk wanda ya saba tashi daga Unguwar Boro ya wuce Maraban Rido da Kujama da Kasuwan Magani ya san cewa da zarar ka bar kwalta ka shiga hanyar gona, waya takan zama tocila kawai. Ga iyali a gida suna ta jin "ba a samun lambar da kuka kira". Sai dai masu tallar Thuraya sun tsallake tambayar da ta fi kowace nauyi: in ka ɗaga wayar nan a tsakiyar daji ta shiga, wa za ka kira, kuma me zai yi maka?

Mu fara da wayar kanta, don da yawa daga masu yabonta ba su taɓa riƙe ta ba. Thuraya kamfani ne na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma ya fara aiki a 2001, shekarar da layukan GSM suka shigo Najeriya. Manyanmu za su tuna lokacin da riƙe ta alama ce ta babban mutum, kafin ƙarfen sabis ya bazu a ƙasa. Tauraron ɗan'adam ɗin da take magana da shi yana sama da nisan kusan kilomita 36,000, daga nan Kaduna kuma ta wajen gabas yake. Ke nan sai ka fito fili, ka zaro eriya, ka tsaya ta gano inda kake, sannan ta kama. A cikin mota ba ta aiki yadda ya kamata sai da eriyar waje. Ƙarƙashin duhuwar itatuwa ko gindin dutse wahala take bayarwa. To, mutumin da ya ji harbi ya faɗa cikin ciyawa yana jan ciki, shi ne zai miƙe tsaye a fili yana saita eriya gabas?

Ga kuma kuɗi. Wayar kaɗai ɗaruruwan daloli ce, katinta ma da lissafin dala yake tafiya, layin kuma yakan mutu in an daɗe ba a sa masa kuɗi ba. Lambarta da +88216 take farawa, wato ga mai MTN ko Airtel kiran ƙasar waje ne, mai tsadar gaske. Uwargidan da aka bar wa katin naira ɗari biyu ba za ta same ka ba. Gajerun lambobi irin 112 na gaggawa da 122 na jami'an kiyaye haɗurra don layukan gida aka yi su, kada wanda ya dogara da su daga Thuraya. Sai ka riƙe cikakkiyar lambar wani mutum, ka sa +234, ka yi fatan zai ɗauki baƙuwar lamba mai kama da ta 'yan damfara.

A ce duk an wuce wannan, kiran ya shiga. A ranar 5 ga Yulin 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi, a kan hanyar nan tamu, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga inda muke zaune. Kafin rana ta ɗaga labari ya game gari, iyaye sun fito sun tare titi suna kuka. Wasu yaran sai da suka shafe watanni a daji. A watan Oktoban 2018 an tare Agom Adara, Maiwada Raphael Galadima, a kan wannan hanya ta Kachia, aka kashe wasu daga cikin mutanen da ke tare da shi, aka tafi da shi, bayan mako guda aka tsinci gawarsa. Basarake ne mai lambar kowane babba a jihar nan. Wane kira ne ba a yi ba a kan waɗannan? Kowa ya ji, kuma ya ji da wuri. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zuwa a kan lokaci, wannan kuwa ba a sayar da shi a shagon waya.

Abin da ya fi damunmu ma shi ne yadda wasu za su kalli wayar a hannunka. Ka ɗauka an tare ku, an zazzage jakarka, ga Thuraya ta faɗo. Ɗan bindiga ba zai ce ga ɗan kasuwa mai tsantseni ba. Ɗayan biyu zai ɗauke ka: ko mai kuɗi, ko jami'in tsaro da ya saje da fasinja. Na farko kuɗin fansarka ya ninka, na biyu kuwa ba ma son mu faɗi ƙarshensa. Sannan ka ba shi kyautar abin da yake nema ido rufe. Zancen sanar da iyali kuwa, mu faɗi gaskiya mai ɗaci, masu garkuwa ba su taɓa kasa kiran gidan wanda suka kama ba.

A ɗaya ɓangaren ga shingen sojoji. A watan Yunin 2013, bayan an katse layukan salula a Borno ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, rundunar tsaro ta haɗin gwiwa ta haramta amfani da Thuraya da sayar da katinta a jihar, bisa hujjar cewa Boko Haram na shirya hare-hare da ita. Tun daga nan sunan wayar ya ɓaci a idon jami'in tsaron Najeriya. Mu ma nan mun ɗanɗana namu a 2021: Zamfara ta rufe sabis a farkon Satumba, Katsina da Sakkwato suka bi a wasu ƙananan hukumomi, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta rufe na wasu sassan jihar nan a ƙarshen watan, ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. Manufar ita ce a raba 'yan daji da infomominsu. To sojan da aka koya wa cewa waya ce igiyar da ke tsakanin daji da gari, ya same ka kai kaɗai a kan babur, ka fito daga wajen Udawa ko Buruku da wayar da ba ta buƙatar ƙarfen sabis, me kake so ya yi tunani? Ba mu ce doka ta hana ka ba. Amma kafin a gama tantance cewa citta kake saye, ƙila ka kwana uku inda ba ka shirya ba. Ba mu kaɗai ke da wannan zargi ba: Indiya ta hana baƙi shiga da Thuraya, musamman bayan harin Mumbai na 2008, kuma ana kama matafiya a filayen jirginta a kan haka.

Masu kafa hujja da direbobin Agadas suna da gaskiya a kan Agadas. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, akasarinsu mata da yara, da yawa mutanen Kantche ne ta ƙasar Damagaram. Sun tashi daga Arlit za su Aljeriya, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. A irin wannan wuri abokin gabarka nisa ne da rana, ba ya bincika jaka, kuma kira ɗaya da ya faɗi daidai inda kake yana iya zama ruwa. Duk wanda zai shiga Sahara ba da Thuraya ba, mu ma za mu ce masa ya yi ganganci. Amma ko a can, direbobin Dirku sukan jira su bi ayarin da sojoji ke rakawa. Wayar ƙari ce a kan ayari. Mu kuma nan ana so a mayar da ita madadinsa, alhali daga Kaduna zuwa Kachia ba wanda ƙishirwa ta taɓa kashewa.

Nan ne ainihin inda muka saɓa da masu wannan shawara. Kalmar "shi kaɗai" ita ce cutar, sai ga shi ana neman maganin da zai ƙara wa mutum ƙarfin halin tafiya shi kaɗai. Wanda da zai jira motocin safe a tasha, yanzu zai ce ai ina da Thuraya, ya kama hanya ƙarfe biyar na yamma don ya riga abokan sana'a isa ga manomi. Mun san wannan halin, namu ne. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su fi mu tsoro ba, amma ba su taɓa fita ba madugu ba jagaba.

Akwai waɗanda riƙe ta ya dace da su: ma'aikatan rigakafi, masu safiyo, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Bambancinsu da mu shi ne suna da ofis, akwai wanda aikinsa ke nan ya zauna kusa da waya, akwai takarda mai hatimi da za a nuna a shinge, akwai motar da za ta tashi in an kira. Idan ƙungiyar 'yan citta ko ta masu hatsi za ta yi irin wannan tsari, ta sayi guda ɗaya da sunan ƙungiya, ta kai wa DPO da kwamandan yankin takarda, ta damƙa wa jagoran ayari, to wannan magana ce da za a zauna a kai. Ko ita ɗin ma amfaninta na lalacewar mota ne da haɗari da rashin lafiya, kada a yaudari kai.

Ga mai fita gobe kuwa, kuɗin Thuraya ɗaya zai gyara masa birki da lagireto, ya saya masa safaya mai kyau, ya bar canji mai yawa. Ya riƙe layi biyu na kamfani daban-daban a 'yar ƙaramar waya mai riƙe caji. Ya tambayi 'yan yuniyon a tasha labarin hanya kafin ya hau, don su suke fara ji. Ya gaya wa mutum biyu ƙauyen da za shi, da sunan dillalin da zai sauka wurinsa, da lokacin da in ba a ji shi ba a fara nema. Mutanen kowane ƙauye sun san tudun da ake hawa a sami sabis, tambaya kawai ake yi. La'asar kuma ta same shi a masauki.

Saura hayaniyar da muke yi a kan adashi, a juya ta inda za ta yi amfani. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF a ƙarƙashin hukumar NCC, aikinsa shi ne kai sabis wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Muna da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Chikun da Kajuru. Ƙarfen sabis ɗaya a ƙauye yana yi wa manomi da mai naƙuda da ɗan kasuwa aiki gaba ɗaya, kuma ba ya sa a tuhumi kowa a shinge. Duk wanda ya san ƙauye ko wani yanki na hanya da sabis ke ɗaukewa, ya rubuto sunan wurin da layin da ba ya kamawa, mu haɗa su wuri ɗaya a kai ofishin mazaɓa kafin ƙarshen wata.