Malaman Gona, Ku Sauko Lambu

Jama'a, tumatir, karas da kabejin da ake lodi a kasuwar Farin Gada, su wa ke noma su? 'Yan lambu ne na bakin kogin Dilimi da kududdufan kuza, da yawansu a filin haya. Tun 2022 takin zamani ya fi ƙarfin aljihunsu. Tokar bolar da suka saba zubawa kuwa yanzu cike take da leda da mataccen batir.

Alhali nan Abatuwa, kashin shanu da abin cikin tumbi ruwa ke kwashewa. Taki ne fa! Wa zai koya wa manomi ruɓar da shi kafin ya kai lambu?

Za a ce ba su da takardar fili, ba su da rajista. To, mai cin kabeji ya taɓa neman takarda? Taron otal da Turanci ba ya kai ilimi gona. Hukumar PADP ta turo malaman gona cikin lambu, su yi bayani da Hausa.

Mu ma kada mu naɗe hannu. Mu haɗa mahauta da 'yan lambu, mu kai sunayensu ofis kafin noman rani ya kankama.