Zanen Kaki: Sana'ar Da Bai Kamata Ta Wuce Mu Ba

Makon jiya na ratsa kasuwar Lafiya, na tambayi wani mai sayar da atamfa ko yana da zanen da aka yi wa ado da kaki da hannu. Ya zaro mini turmi guda. Da na juya bayansa sai na tarar launin ya kwanta a fuska ɗaya kurum, watau bugun inji ne. Zanen kaki na ainihi ciki da baya duk ɗaya ne, domin tsoma shi ake yi cikin rini.

Ga yadda aikin yake. A narka kakin zuma ko kyandir, a zana fure ko tsuntsu a kan farin ƙyalle, sa'an nan a tsoma shi cikin baba. Duk inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa. Daga nan a dafa ƙyallen cikin ruwan zafi, kaki ya narke, ado ya bayyana.

Mutanen tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya su ne gwanayen wannan sana'a, suna kiranta batik. Wurinsu Turawan Holan suka kwaikwaya, har kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a 1846, ya mai da ita aikin inji, aka sami atamfar nan da matanmu ke kira holan. Duk da haka masu abin ba su saki nasu ba, har a 2009 hukumar UNESCO ta sa batik cikin al'adun gado na duniya.

Mu ma ba baƙin rini ba ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda aka ce an kafa ta tun 1498, har yau ana aiki a cikinta. Yarbawan Abekuta kuwa suna yin adire, wani da kaki, wani da kullun rogo.

To, ga Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa tun 1996, rogo tuli, ga kuma samari da 'yan mata suna zaman jiran aikin ofis. Jarin sana'ar nan bai wuce tukunya da kaki da rini da farin yadi ba. Muna roƙon hukuma ta sa ta cikin darussan makarantun koyon sana'a, ta kuma riƙa sayen kayan 'yan makaranta wurin masu rinin gida. Mu masu saye kuwa, mu riƙa juya bayan zane kafin mu biya kuɗi. Allah Ya sa mu dace.