Jirgin da aka ƙera a gida: daga waya gobara ke tashi

A 2007 ne Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci, har ya ɗaga shi kimanin ƙafa 7 daga ƙasa. Har yau nakan ji matasa a garejin kanikawa da rumfunan walda na Kankia da Kusada suna mafarkin yin irinsa, kuma ban ga laifinsu ba. Damuwata ita ce hirar tasu kan ƙare a kan fiffike da ƙarfin inji, ba a tada zancen waya.

Injin Honda Civic Mubarak ya ɗora wa jirginsa, kuma injin mota duk mai wannan buri a nan zai fara nema. To, injin ƙaramin jirgi na asali yana da maganeto biyu masu ba filogi wuta da kansu. Ko batir ya mutu, inji na ci gaba da aiki. Injin mota kuwa da batir da altaneta ya dogara. Waya ɗaya ta kwance, inji ya tsaya, allurar mai da ta zafi su kwanta tare da shi.

Gobara ta fi wannan muni. Girgizar jirgi kan sa waya ta riƙa gugar bakin ƙarfe har robarta ta saɓule, tartsatsi ya tashi kusa da tiyon fetur. Mu kuma mun saba, idan fiyus ya ƙone, sai a naɗa masa silin waya a wuce, alhali aikinsa ke nan ya ƙone kafin waya ta kama. A titin Kano zuwa Katsina direba kan tsaya gefe ya watsa yashi. Matuƙi ba shi da gefen titi, ga hayaƙin robar wayar mota mai shaƙe numfashi. Manyan jirage ma ba su tsira ba: a Satumban 1998 wutar da ta tashi daga wayoyin saman ɗakin matuƙa ta jefa jirgin Swissair cikin teku kusa da Kanada, mutum 229 suka halaka.

Ban ce a bar ƙira ba. Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna don horar da matuƙan sojin sama, daga samfurin RV-6A ya fito, wanda mutane ke haɗawa a gidajensu a Amurka. Sai dai can kowane layi da fiyus ɗinsa, akwai makunni guda mai yanke batir gaba ɗaya, kuma sai jami'in hukuma ya duba jirgi kafin ya tashi. Muna da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama a Zariya tun 1964, tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi. Ina ganin ya kamata ta ware ranar da matashi daga Kusada zai kai zanen wayarin ɗinsa a duba masa kafin ya zuba fetur a tanki.