Tari Ya Kai Mako Biyu, Sai Asibiti

Jama'ar ƙasar Taura, 'yan kasuwa da manoma, maganarmu ta wannan mako a kan tari ce.

Kowa ya san irin mutumin da zai yi wata uku yana tari a rumfarsa a kasuwar Gujungu, yana ramewa, yana gumi da dare, in an ce ya tafi asibiti sai ya ce ai sanyi ne ko ƙurar kasuwa. Yau ya sha jiƙo, gobe ya sayi ƙwaya wurin mai talla. Sai ya fara kakin jini, sa'an nan a ɗauke shi ranga-ranga zuwa Ringim ko Dutse.

Ba mu ce kowane tari tarin fuka ne ba. Amma ido ba ya rarrabewa, sai an auna majina. Tun 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano cewa ƙwayar cuta ke kawo shi, watau ba sammu ba ne, ba kuwa gado ba. Iska take bi. Mai ciwon da bai san kansa ba, shi ke raba ta ga matarsa da 'ya'yansa da maƙwabcin rumfa.

Mun san abin da ke hana talaka zuwa: kuɗin mota, da asarar cinikin yini. To, 'yan'uwa, ku yi lissafi irin naku na kasuwa. Yini guda na awo, da wata da watanni a kwance jari na narkewa, wanne ya fi tsada? Awon tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin Gwamnati masu wannan aiki. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, mai ba da amsa cikin kamar awa biyu. Wanda aka gano da wuri ya sha magani wata shida ba fashi, galibi yakan warke sarai. Wanda ya yanke a tsakiya kuwa, ciwon na iya dawowa da taurin kan da maganin farko ba ya ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hukuma kuma ga nata. Kyautar da sai mutum ya kashe ribarsa ta mako kafin ya cim mata, rabin kyauta ce. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Jigawa da Ƙaramar Hukumar Taura su riƙa aiko ma'aikacin lafiya Gujungu kowace ranar kasuwa, ya karɓi majina nan take, a komo da amsa mako mai zuwa. Inda mai karɓar kuɗin rumfa ke iya zuwa ba fashi, malamin asibiti ma ya iya.

Sarakunan kasuwa, ku sa ido a kan mutanenku. Wanda tarinsa ya kai mako biyu, kada a tsangwame shi. A tsare masa rumfa, a raka shi asibiti.